Awon Ƙafar Baba

Har yau idan ruwa ya ɗauke da hantsi, ƙasa ta fara fitar da ƙamshin nan nata, sai in ga kamar ina tsaye a ƙofar gidanmu na Titiru a Paraku, da tsinken tsintsiya a hannuna. Direban babbar motar da ke zirga-zirga tsakanin Jugu da Paraku ne ya kawo mini shi, an naɗe shi cikin tsumma an ɗaure da zare. Ya ce saƙo ne daga gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ke riƙe masa gida a Jugu tun rasuwar mahaifiyarmu. Ban tambaye shi ko na mene ne ba, don kowa a wajenmu ya san irin wannan tsinke. Idan za a saya wa mutum takalmi a kasuwar da ba zai je ba, sai a sa ya taka ƙasa, a ɗora tsinke daga dunduniya zuwa babban yatsa, a karya daidai nan. Wanda aka aika ya yi ta zura tsinken cikin takalma har ya sami wanda ya kwanta a ciki. Abin da ke hannuna ran nan tsawon ƙafar Baba ne.

Baba ɗan koli ne. Tun kafin a haife ni yake ɗora adudunsa a ka ya bi ƙauyukan da ke kewaye da Jugu, yau wannan kasuwa gobe waccan, da allura da zare da kwalli da ƙananan madubai. Bai taɓa sayen keke ba, wai keke ba ya barin mutum ya gaisa da jama'a yadda ya kamata. Yana jin Dendi, yana jin Yom, yana ɗan taɓa Fulatanci idan ya ratsa ruga, kuma babu wata tsohuwa a ƙauyukan nan da bai san ciwon gwiwarta ba. Takalminsa iri ɗaya ne tun da na san shi, na taya, wanda ake yankawa daga tsohuwar tayar mota. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "uwata". Wannan ya ba ni damar da 'yan uwana ba su da ita, ni kaɗai nake yi masa faɗa ya sunkuyar da kai yana murmushi.

A daminar da ta gabaci zuwan tsinken, tsinin wani kututture da aka sare a gefen gona ya huda tayar ya shige masa tafin ƙafar hagu. Ya cire, ya shafa abin da ya shafa, ya ci gaba da tafiyarsa, har ƙafar ta kumbura ta yi ruwa ta kwantar da shi. Na je jinya na same shi a kan tabarma ya juya fuska wajen ƙofa. Bai yi kukan ciwo ba ko sau ɗaya. Abin da yake tambaya kullum da safe shi ne yau kasuwar wane ƙauye ke ci. Idan aka gaya masa sai leɓunansa su fara motsi, na san hanyar yake bi a ransa, yana tsallake rafi, yana sallama a ƙofofi. Cikin 'yan watanni ya zube, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ciwon ya rufe, likitan dispansar ya gaya mana gaskiya, ya ce naman tsoho ba ya saurin haɗewa, idan wurin ya sake buɗewa ba ya ɗaukar alkawarin ƙafar. Ko dai Baba ya bar yawo, ko kuma ya riƙa sa rufaffen takalmi mai kaurin ƙasa duk inda za shi.

Babban wanmu, wanda ke da shagon kayan mota da gida a unguwar Ganu, nan cikin Paraku, rabin maganar na farko kawai ya ji. Ya sa aka shafe ɗaki guda a gidansa da farar ƙasa, ya sayi katifa da kujerar nan ta kishingiɗa, ya ce ranar da ƙafar ta sake ko da ƙwarzanewa ce, shi da kansa zai je ya ɗauko Baba, ya zo Paraku ya zauna ya ja carbi kamar sauran tsofaffi. Ba mu gaya wa Baba wannan shiri ba. Yaya ba mugu ba ne, tsoro yake ji, ni ma ina ji. Amma ni na ga Baba a kan tabarmar nan, na kuma san idan aka ɗora shi a kujerar Yaya ba zai ga wata damina ba. Na ce a bar mini maganar takalmi. Yaya ya ce mutumin da bai taɓa rufe yatsunsa ba tun da aka haife shi, ni zan rufe masa su da tsufa? Na ce ai ni ce uwarsa, ya zuba ido ya gani. Shi ne na aika Jugu a aiko mini da awo.

Zamanin juyin juya hali ne, an kafa koriyar tuta mai jan tauraro a kowane ofis, kowa ya zama kamarad, har mai sayar da gawayi. Ana fitar da 'yan makaranta fili ana koya musu tafiyar soja, samarin unguwa kuwa kowa burinsa ya sami takalmin soja ya riƙa buga ƙasa da shi a gaban 'yan mata. Saboda haka kasuwa ta cika da shi, na gaske da na ƙarya. Ni kuwa abin da ke ƙulle a bakin zanena bai wuce ɗan abin da na tara daga suyar doya a bakin tasha ba. Na kuma rantse ba zan roƙi Yaya ba, don na san zai ce ai ya riga ya sayi kujera.

Na soke tsinken a ɗankwalina ta bayan kunne, na kama hanyar kasuwa bayan an yi ruwan safe. Inuwar mangwarori ta kwanta a kan hanya, ruwa na ɗiga daga ganye ɗaya-ɗaya, can wajen tashar jirgin ƙasa jirgi na ta huci bai tashi ba. Duk inda na juya kai sai tsinken ya taɓa kunnena, sai in ji kamar ba ni kaɗai nake tafiya ba, Baba na gefena muna ratsa garin da bai taɓa so ba. Har na kama kaina ina rage sauri don kada in bar shi a baya, shi da ban taɓa iya kamo shi a tafiya ba tun ina yarinya.

A layin 'yan gwanjo wani mutumin Nijar, dogo mai rawani, ya ga ina leƙa takalma, ya kira ni gefe ya zaro wasu daga cikin buhu. Na soja ne na ainihi, waɗanda suke kira ranjas, baƙar fata mai kauri, wuya har ƙwauri. Ya ce wannan har jikana zai gada. Na yarda da shi, don da na ɗaga guda sai da na tuna da dutsen niƙa. Na hango Baba da adudu a ka da waɗannan a ƙafa yana hawan tudu, sai tausayi ya kama ni. Ga shi kuma hanyar Jugu shingaye ne, ina tsoron ranar da za a tsayar da tsoho a tambaye shi inda ya sami kayan gwamnati, shi kuwa ba ya jin Faransanci ko na gaisuwa. Kuɗinsu ma ya fi ƙarfina. Na mayar masa na yi godiya.

Gaba kaɗan na tarar da masu ƙyalli, sun jeru a kan tebur suna ɗaukar ido, ga araha, su ne samari ke rububi. Na ɗauki ɗaya na lanƙwasa shi da hannu biyu yadda ƙafa ke lanƙwasa takalmi, sai bakinsa ya ɗage, na ga gam ne kawai ya riƙe shi, babu ɗinki ko ɗaya. Na sa hanci ciki na ji warin roba, na ce wannan kafin azahar ya dafa ƙafar mutum. Mai kayan ya ji haushi, ya ce kamarad, in ba saye zan yi ba in daina ɓata masa kaya. Na ce masa kayan da mace ta ɓata da hannu biyu, hanyar Jugu a wuni ɗaya za ta cinye shi. Da na juya ina jin yana zagina da yaren da ya zaci ba na ji.

Sai da rana ta take na same su, a wata 'yar rumfa ta ƙarshen layi, wajen wani tsoho da ke gyangyaɗi a kan buhu. Kambas ne kore mai kauri irin na tamfol, wuyansa ya tsaya daidai idon sawu, ƙasansa baƙar roba mai tsage-tsage wadda ta hau ta rufe kan yatsu. Siffar na soja ce amma ba na soja ba ne, babu lamba babu hatimi, kuma ba su da nauyi. Na lanƙwasa, na murɗa kamar ina matse wanki, ba su buɗe baki ba. Na roƙi ƙusa a wajen mai gyaran akwati da ke kusa, na kafa tsininta a ƙasan na danna da dukan ƙarfina, ta ƙi shiga. Tsohon ya buɗe ido ɗaya ya dube ni, ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin an yi wa takalmi irin wannan tuhuma ba.

Sannan na zaro tsinken na zura. Ya kwanta, da ɗan sarari a baya, wurin safa. Amma tsinke tsawo kawai ya sani, bai san faɗi ba, ƙafar Baba kuwa yatsunta a baje suke, kowanne da harkarsa. Na tsaya ina tunani, sai hannuna ya tuna mini. Tun ina 'yar ƙarama ni nake shafa masa man kaɗe a faso idan ya dawo da yamma, in riƙe ƙafar a cinyata, babban yatsana a gefe ɗaya sauran a ɗaya gefen. Na rufe ido a tsakiyar kasuwar nan, na buɗe hannuna yadda yake buɗewa a kan ƙafarsa, na cusa shi cikin takalmin. Na farko ya matse ni. Na biyu, wanda ya ɗan fi shi, ya karɓi hannun ba gardama. Muka ja ciniki, na yi kamar zan tafi, ya yi kamar zai koma barci, daga ƙarshe ya sallama, har na sami ragowar da na sayi safa mai kauri.

Motar Jugu ba ta tashi ba sai bayan 'yan kwanaki, na ajiye takalman a bakin ƙofar ɗakina. A wajenmu idan ka ga takalmi a bakin ƙofa, mai shi na ciki. Duk lokacin da na dawo daga tasha na gan su a jere sai daɗi ya kama ni, in ɗaga labule a hankali kamar zan tarar da shi zaune yana jiran ruwan alwala. Maigidana ya yi ta tsokanata, wai ashe soja na shiga ban gaya masa ba. Da ranar ta zo na ba direba, na yi ta nanata masa saƙo har ya gaji. Baba ya sa safa tukuna, kada ya wahalar da kansa da zura igiyar har sama, rabi ya isa, don ya ji sauƙin cirewa in zai yi alwala. Igiyar doguwa ce, ban yanke ta ba, na ce ya naɗe ragowar a idon sawu.

Labari ya riƙa zuwa mai daɗi. Direba ya ce takalmi ya zauna daram, kuma babu wanda bai gan shi ba a Jugu, har liman sai da aka kai masa ya sa albarka. Baba ya koma yawonsa. Bayan 'yan watanni na tambayi yadda takalmin yake, aka ce kamar jiya aka saye shi. Damina ta yi nisa na sake tambaya, gwaggo ta aiko cewa ko ƙwarzane babu, kullum da yamma Baba na goge shi da tsumma ya ɗora a kan adudu. Ni kuwa sai kaina ya kumbura. Na je har shagon Yaya na zauna na ba shi labarin ƙusa, na ce a garin nan kaf babu wanda ya kai ni sanin takalmi, hanyar da ke cin taya ta kasa cin nawa. Yaya ya ce Allah ya sa, kujerarsa dai na nan.

Ƙarshen damina aka yi haihuwa a danginmu na Jugu, na hau motar nan zuwa suna. Mata a baya muke, a kan buhunan gishiri, hanya jar ƙasa, mota na rangaji. Ciyawa ta yi tsawo ta fi mutum, kaɗanya da ɗorawa sun tsaya cikin gonakin doya, matan Fulani na tafe da ƙore a ka ba sa ko waiwayenmu. Zafin rana da rurin inji suka jefa ni tsakanin barci da ido biyu, in ga ƙauye in rasa ko wuce shi muka yi ko mafarkinsa na yi. Cikin wannan hali, da muka kusa Jugu, na hango wani tsoho a 'yar hanyar ƙafa da ke bin gefen titi, adudu a kansa, yana tafiya irin ta Baba, kafaɗar dama gaba. A ƙirjinsa wasu korayen abubuwa biyu na lilo. Na yi murmushi ina kallonsa, na ɗauka cikin mafarkin ne. Sai motar ta zo daidai shi, na ga abin da ke lilo. Takalman da na saya ne, an ƙulla igiyoyinsu an rataya a wuya. A ƙasa kuwa tsohuwar tayar nan ce, da tsumma ɗaure a ƙafar hagu.

Barci ya washe. Na yi ta dukan jikin mota da tafin hannu har direba ya taka birki yana tambayar wa ya faɗi. Na ce ya sauke mini kayana a gidan gwaggo, na diro.

Baba ya gan ni, fuskarsa ta cika da murna, ya sauke adudu. Na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya mini, na tambayi gajiya, na tambayi kasuwa, ya tambayi maigida da yara, duk idona na kan tsumman nan. Da gaisuwa ta ƙare na miƙe.

"Baba, mene ne wannan a wuyanka?"

Ya shafa takalman da hannu. "Takalmin da uwata ta saya mini ne. Kin ga yadda na riƙe miki shi? Ko laka bai sani ba."

Ya yi mini bayani a natse, kamar ni ce ban gane ba. Hanyar daji tana cin takalmi, ga tsakuwa ga rafi, wa zai sa abu mai daraja irin wannan ya shiga taɓo da shi? Idan ya hango rufin gari sai ya zauna a gindin itace ya sa, ya shiga da shi jama'a su gani. A ƙofar mai gari ya cire, don ba a gaida manya da takalmi, a masallaci ya cire, in ya baza kaya a tabarma ya cire. In zai bar gari ya sake ratayawa. Haka ubansa ya yi da takalmin fatar da ya sayo daga Kano, haka kowane mai hankali ke yi da takalmin kirki, shi ya sa nasu ke shekara da shekaru. Na san wannan al'ada, na tashi ina ganin mutanen ƙauye na nufo kasuwa da takalmi a ka, amma ko sau ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba lokacin da nake tsaye da ƙusa a hannu.

Na ce ya kwance tsumman. Ya yi ta kame-kame, wai don ƙaya ne kawai. Na durƙusa na kwance da kaina. Tabon na nan, fatar wurin ta yi siriri tana sheƙi, gefenta ya yi ja, da wata 'yar tsaga da ba ta kai ga jini ba tukuna. Nan take na ga ɗakin Yaya mai farar ƙasa, na ga kujerar, na ga Baba a kanta ya juya fuska wajen ƙofa. Tsoro ya kama ni, daga tsoron sai fushi, irin wanda ke sa kunnuwana zafi.

Ban yi masa faɗa ba, don na san zai sunkuyar da kai ya yi murmushi, gobe ya sake ratayawa. Na ce ya ba ni takalman in gani. Ya ciro daga wuya ya miƙo da hannu biyu. Na kwance ƙullin, na tuɓe silifana, na zura ƙafafuna ciki, suna ta yawo don sun yi mini yawa. A ƙasan hanyar akwai wani kwari da ruwan damina ya kwanta ya zama jar laka, inda shanu ke sauka shan ruwa. Na tattare zanena na nufi can.

"Uwata, ina za ki? Akwai taɓo a nan."

Na shiga har idon sawu, na taka, na sake takawa, na bi ta kan kashin shanu da gangan. Na fito na sami dutsen marmara a gefe, na yi ta goga ƙasan da kan yatsun a jikinsa har baƙar robar ta yi fari-fari. Wasu mata masu ɗauke da itace suka tsaya suna kallon matar birni da takalmin soja tana tsalle a cikin laka, ɗaya ta ce wani abu da Yom, suka kwashe da dariya. Ni ina yi ina kuka, ban ma san lokacin da kukan ya fara ba. Na dawo na cire su na ajiye a gabansa, jajaye, suna ɗigar ruwa.

"Ga su nan, Baba, sun tsufa. Babu sauran abin da za ka adana."

Ya daɗe yana kallonsu. Ban taɓa ɓata masa rai kamar ranar ba, kuma har yau idan na tuna fuskarsa sai zuciyata ta yi nauyi. Ya ce a hankali, bai dube ni ba, tun da yake babu wanda ya taɓa saya masa sabon abu sai ni, shi ya sa yake so ya daɗe.

"Ni ba takalmin nake so ya daɗe ba," na ce. "Takalmi akwai wani a kasuwa. Yaya ya gyara ɗaki, Baba, har da kujera. In wurin nan ya buɗe, zuwa zai yi da mota."

Ya dubi hanyar da ya fito, ya dubi wadda za shi. Sannan ya zauna a kan marmarar, ya ɗauko butarsa, ya wanke ƙafar hagu, ya wanke ta dama, ya laluba aljihu ya fito da safar a ninke tsaf. Na zazzage ruwan da ya shiga takalman, na goge cikinsu da bakin zanena, na durƙusa na sa masa na ɗaure. Sannan na ari 'yar wuƙarsa na yanke ragowar igiyar, na bar abin da zai isa ƙulli kawai, wanda ko wuyan kaza ba zai zagaye ba.

Muka kama hanya, shi gaba ni baya, kamar da. Da fari yana ɗaga ƙafa sama-sama, yana kauce wa tsakuwa don tausayin takalmi, sai na ce ya taka, ai ba ƙwai ba ne. Can sai tafiyar ta daidaita, kafaɗar dama ta koma gaba. La'asar ta yi sanyi, rana ta yi ja a kan ciyawa, hayaƙin Jugu ya fara bayyana a bayan itatuwa. Ina bin sawunsa a jar ƙasa, tsage-tsagen robar na fitowa ɗaya bayan ɗaya, sabon sawu wanda ban san shi da shi ba. A haka muka shiga gari. A ƙofar gida ya ce wa gwaggo uwarsa ta zo da rigimarta, a ba ta ruwa.

Ban gaya wa Yaya abin da na gani ba. Na bar wa gwaggo man kaɗe da amanar ta riƙa duba wurin. Daga nan na daina tambayar direba yadda takalmi yake, ina tsoron a ce mini kamar sabo. Baba kawai nake tambaya, a ce yana ƙauye, sai in ji sanyi a raina. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Ɗakin Ganu aka fara ajiye buhunan masara a ciki, kujerar kuwa Yaya da kansa ya koma kishingiɗa a kanta bayan azahar.

Wata rana da hantsi, ruwa ya ɗauke ke nan, direban ya yi sallama a ƙofar gidanmu da ƙunshi cikin tsohon buhu, ya ce daga Jugu. Daga siffar ƙunshin na gane takalma ne. Gabana ya faɗi, don na san irin ranar da ake aiko wa 'ya'ya da kayan ubansu. Na zauna a dokin ƙofa na kwance. Su ne, amma da ƙyar na gane su. Koren ya koɗe ya koma launin ƙasa, kambas ɗin ya yage wajen ƙaramin yatsa an ɗinke da zaren koli, an sake ɗinkewa. Tsage-tsagen ƙasan sun shafe sumul, dunduniyar dama ta cinye ta gefe ɗaya. A ƙasan na hagu, daidai inda tabon yake, akwai wani rami da tsini ya fara bai ƙarasa ba. Na sa yatsa a ramin na daɗe.

"Tsohon ya ce in gaya miki ya gama da waɗannan," in ji direba. "Wai yana zaune a gida, ba zai taka hanya ba sai kin aiko da wasu, kuma ki hanzarta, zaman ya ishe shi. Duba ciki, madam."

Na zura hannu cikin na hagun. Tsinken tsintsiya ne, sabon karyawa, a naɗe cikin tsumma. Na yi ta dariya hawaye na zuba, har direba ya rasa gaisuwar da zai yi mini. Na jera tsofaffin takalman a bakin ƙofar ɗakina, na soke tsinken a ɗankwali ta bayan kunne, na ce wa maƙwabciyata ta duba mini wuta, na kama hanyar kasuwa.